Rabon Na Ƙasa

Mai Rijiya da ƙafafunsa ya shiga asibiti, a fara sanin wannan tukuna. Masu cewa ɗauko shi aka yi kamar buhu ba sa nan ranar. Matarsa ta riƙe masa gwiwar hannu, gaskiya ne, amma shi ya taka matattakalar nan goma sha ɗaya, sau biyu kawai ya huta, na biyun ma don wata mai ciki ta wuce ne.

Shekara arba'in da biyar ya yi yana haƙa rijiya. Kafin injin tona ƙasa ya zo ya lalata sana'ar, duk unguwar da ka sha ruwa mai daɗi, tambaya ka ji hannun wa. A zamaninsa idan ya hau sikeli tamanin da biyar yake nunawa. Ranar da nas ta ɗora shi a kan na asibiti, allurar ta tsaya a arba'in da shida. Ya ce mata sikelin ya lalace. Ta ce to Baba, ta rubuta abin da lalataccen ya faɗa.

Ciwon daji ne a tumbinsa, ya tsiro daidai ƙofar da abinci ke fita, ya toshe ta. Wata huɗu ke nan duk abin da ya haɗiya sai ya ɗan zauna ya dawo ta inda ya shiga. Tun yana dawo da shinkafa har ya zo yana dawo da shayi.

Likitan tiyata wani siriri ne mai tabarau, wanda a haife Mai Rijiya ya haife shi har da ragi. Ya miƙo yatsu biyu.

“Baba, matse su da duk ƙarfinka.”

“Likita, kana da wasu a gida? Hannun nan ya sha karya ƙotar diga.”

“Matse dai.”

Ya matse. Likita ya ɗan jira, sannan ya ce, “Ka fara?”

Ba a taɓa zagin Mai Rijiya irin wannan ba, kuma cikin ladabi.

Likita ya jawo kujera ya zauna. “Zan iya yanke abin in ɗinke,” in ji shi. “Amma ɗinki ba ya kama tsumma. Jikin da ya yi wata huɗu da yunwa, in na yanka shi yau, ciwon ba zai haɗe ba, ɗinkin zai saki a ciki, cikin mako guda mu rasa ka. Za mu ciyar da kai ta jijiya kwana goma. In ka yi ƙarfi, in shiga da kai. In ba ka yi ba, ba zan sa maka wuƙa ba. Kuma abin da ke cikin nan naka ba ya jiran kowa.”

A ranar aka zura masa wata siririyar roba a gindin wuya, ta dama, aka manne ta da filasta. Nas ta kawo wata babbar leda cike da farin ruwa kamar madara, ta rataye a sandar ƙarfe. Robar ta bi ta cikin wata na'ura mai girman burodi, mai ɗan gurnani tana tura ruwan ɗigo-ɗigo. Leda guda kwana guda, kowace safiya a sauya.

“Akwai suga, akwai mai, akwai gishiri, akwai abin da ke gina tsoka,” in ji nas. “Duk abin da ke cikin kwano yana nan, daɗin ne kawai babu. Kwana uku na farko kaɗan-kaɗan za mu ba ka, don jiki mai yunwa in aka cika shi farat ɗaya yana iya faɗuwa.”

Ɗakin gado takwas ne, fanka biyu, ɗaya ce ke juyawa. Gadon Mai Rijiya na ƙarshe ne, jikin bango. Maƙwabcinsa wani direban babbar mota ne da aka yanke wa wani yanki na hanji, amma ba a taɓa masa baki ba.

“Baba, an mai da kai jariri ke nan. Saura goyo.”

“Yaro, ni wannan ba shi ne na farko ba. Kana cikin zanin goyo aka ciyar da ni ta tiyo.”

Ya ba su labarin. Rijiya mai gaba goma sha huɗu, ƙasar wurin yashi ce, ta rufta da shi. Kwana uku yana ƙasa. Mutane suka cusa tiyo ta tsakanin katakon da suka karye har ya iso kansa, ta nan yake shan iska, ta nan suke zuba masa madara da ruwa. Suka haƙa wani rami a gefe suka ciro shi. Da ya fito bai yarda an ɗauke shi ba, da ƙafa ya tafi gida, a hanya ma ya tsaya ya gyara wa wata tsohuwa igiyar gugarta. Sau uku ya ba da labarin nan cikin kwana biyu. A na ukun rijiyar ta kai gaba ashirin, direba ya ce in aka ƙara kwana za ta ɓullo ta wata ƙasa.

Ran kwana na huɗu aka buɗe wa na'urar gudu sosai. Bayan azahar ne, rana tsaka, masu ziyara ba su fara zuwa ba, ɗakin duk ya yi barci, nas ɗaya ce ga ɗakuna uku. Mai Rijiya na kwance yana kallon farin ruwan nan yana gangarowa cikin roba, sai ya ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ba irin ta farkon ruwan sama ba, irin ta can ƙasa, mai sanyi, wadda rana ba ta taɓa gani ba. Ya dubi taga. Rana ce fetal.

Sai aka ja masa babban yatsan ƙafa ta cikin zanin gado. Sau biyu.

Masu haƙa rijiya ba sa ihu daga ƙasa, da igiya suke magana. Ja ɗaya, ɗauke guga. Ja uku, fitar da ni. Ja biyu kuwa, sauko min da abu. Kuma suna da doka ɗaya da ko maƙiyinka ne a rami ba ka karya ta: na sama ba ya shanye abin da ke cikin gora, rabi na na ƙasa ne.

Abin da bai gaya wa direba ba shi ne, su biyu rijiyar ta rufta da su. Ɗayan Bahago ne, abokin aikinsa tun suna samari, yayan matar da ya aura daga baya. Bahago na ƙasa da shi da kamar gaba guda, ƙasa ta binne shi zuwa ƙirji, hannunsa na hagu ne kawai ke kaiwa ga ƙafar Mai Rijiya. Tiyon yana da sauran tsawo. Da an tura shi ƙasa zai kai. Ba a tura ba. Kwana ɗaya da rabi Bahago yana jan ƙafar nan biyu-biyu, sannan ya daina.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan, ko a mafarki bai taɓa zuwa masa ba. Sai yau, da rana tsaka, fanka na juyawa.

Aka sake ja. Biyu.

Mai Rijiya bai yi karatu ba, ko sunansa da yatsa yake dangwalawa, amma hannun ma'aikaci in ya gani sau ɗaya ya ɗauka. Ya ga inda nas ke dannawa in za ta sauya leda: na gefe tukuna, sai ja, a riƙe shi har na'urar ta yi shiru ba tare da ƙara ba. Ya miƙa hannu ya yi yadda take yi. Gurnanin ya tsaya. Farin ruwan ya tsaya cak a roba.

Jan ƙafar ma ya tsaya.

Ya kwanta yana jin daɗin kansa, wai ga mutumin da bai shiga aji ba ya sarrafa injin likitoci. Bayan kamar awa guda gumi ya fara karyo masa, mai sanyi, hannuwansa suka kama rawa, idonsa ya yi hazo-hazo. Ya juya kai wajen bango. A ɗan tsakanin gadonsa da bangon, inda ake ajiye takalmi, Bahago na nan. Daga ƙirji zuwa sama kawai, kamar simintin ɗakin yashi ne ya nutse a ciki. Saurayi kamar yadda yake, ƙasa a girarsa, ƙasa a kunnensa. Bai dubi Mai Rijiya ba. Ledar yake kallo, bakinsa a buɗe.

“Sha,” in ji Mai Rijiya a hankali. “Naka ne.”

Da la'asar ta gabato ya ji takun masu ziyara, ya danna kore, na'urar ta ci gaba. Gumin ya tsane, wurin takalmi ya koma wurin takalmi. Matarsa ta shigo da wankakkun kaya a leda, ta dube shi.

“Kai tsohon nan, wanka ka yi da rigar?”

“Ƙarfi ne ke shiga, Uwar yara. Haka yake yi wa maza.”

“Allah ya sa. Ni dai ban ga inda ya shiga ba.”

Da safe nas ta zo sauya leda ta tarar da saura mai yawa. Ta ƙwanƙwasa na'urar, ta yi tsaki, ta ce wannan ma ta fara. Ta ɗauki ragowar ta nufi wurin wanke hannu.

“'Yata, ina za ki kai shi?”

“Zubarwa, Baba. In ya kwana ba a sake sa wa mutum.”

“In kin zuba ina yake zuwa?”

“Ƙasa mana.”

Ya gyaɗa kai, hankalinsa ya kwanta.

Haka aka yi ta yi. Aka sauya na'ura, sabuwar ma madannanta iri ɗaya ne. Kullum bayan azahar a ja biyu, ya kashe. Sannan aka fara ja da hantsi ma, bayan likitoci sun gama zagaye. Ya ƙara wa Bahago awa biyu. Mutum mai lissafin gaskiya ne shi, rabi ake cewa, kuma har yanzu shi ya fi shan mai yawa. Ya daina ba da labarin rijiya. Direba ya tsokane shi sau biyu, da ya ga ba amsa sai ya koma yana kallonsa ta gefen ido.

Ran kwana na takwas sikeli ya ce arba'in da shida da rabi. Likita ya duba takardar jini, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya miƙo yatsu biyu. Wannan karon ba wanda ya yi wasa.

“Baba, ban gane ba. Abin da muke ba ka ya isa ya ɗaga ka. A haka ba zan iya shiga da kai ba.”

“Jikin tsoho ne, Likita, sai a hankali.”

“Hankalin ne ba mu da shi.”

Mai Rijiya ya san abin da ake nufi. Ya san kuma abin da zai yi bayan azahar. Da aka ja, ya kashe.

Ranar matarsa ta samu mota da wuri, ta rigaya masu ziyara. Ta ɗaga labule ta tarar da shi rabin jiki ya zamo daga gado, rigarsa sharkaf, leɓɓansa sun yi fari, yana miƙa robar wuyansa zuwa ƙasa kamar mai ba wani abu.

“Matso, Bahago. Ya kai yanzu. Ka ga ya kai.”

Ledar kayan ta faɗi daga hannunta. Direba ne ya ƙwala wa nas kira, yana dafe da ɗinkinsa. Nas ta zo da gudu, ta soki yatsan tsohon ta gwada jini, ta dubi na'urar a kashe, ta ɗura masa ruwan suga da babban sirinji. Cikin minti kaɗan idonsa ya dawo.

“Shi ke kashewa,” in ji direba. “Kwana uku ina ganinsa. Na ɗauka ku kuka koya masa.”

Nas yarinya ce mai ladabi, amma ranar ta ajiye ladabin a gefe. “Baba, ka san abin da ka yi? Jikinka ya saba da suga na shiga ba tsayawa. In ka yanke farat ɗaya sai na jininka ya faɗi ƙasa, ka yi gumi, ka yi gane-gane, wata rana ka tafi gaba ɗaya. Na'ura biyu na kai gyara saboda kai. Me ya sa?”

Bai gaya mata cewa jan ƙafar kafin ya kashe yake zuwa ba, lokacin da sugansa ke cike. Ta kunna, ta tafi kiran likita.

Matarsa ta ja labule ta zagaye gadon. Ta zauna a kujera, ta haɗa hannuwa a cinya.

“Sunan yayana na ji.”

“Zafin ciwo ne.”

“Shekara arba'in muna tare, ban taɓa jin sunan nan a bakinka ba, ko ranar da na sa wa ɗanmu na fari. Ka ce min nan take ya rasu, ƙasa ta danne shi bai ko shura ba. Me kake ba shi?”

Mutumin da ya shiga ramukan da ko maciji ba ya shiga, ranar ya kasa kallon tsohuwa mai ciwon gwiwa. Rufin ɗaki ya kalla ya faɗa mata. Ya faɗi tiyon, ya faɗi sauran tsawonsa, ya faɗi cewa ta nan iska ke zuwa, yana tsoron in ya sake shi daga bakinsa ba zai dawo ba. Ya faɗi jan ƙafa.

“Shi ke nan?” ta ce.

“Da saura. Da tiyon ya iso, na sama suka sa baki suka tambaya, ku nawa ne da rai. Babanku ne ma ya yi tambayar. Na ce ni kaɗai ne. Yayanki kuwa yana ji.”

Fanka ta yi ta juyawa. A bayan labule wani yana tari, ana tura keken magani.

“Shi ne yanzu kake bar masa rabonsa.”

“Doka ce. Rabi na na ƙasa ne.”

“Doka.” Ta dubi ledar, ta dube shi. “Lokacin da yake da maƙogwaro ka shanye. Yanzu da ya zama ƙasa kake masa kara, a zuba a kwata. Kana so ka mutu cikin sauƙi, ka je can ka ba shi haƙuri, ni a bar ni da wankin kayanka da rabin labari.”

“Uwar yara…”

“Kada ka kira ni. Ba inda za ka sai ka ba ni amsa tukuna, kuma ba a kwance ba. Yadda ka shanye wancan, haka za ka shanye wannan.”

Likita ya zo, ya ji daga bakin nas, bai tambayi dalili ba. Ya ce zai ƙara mako guda, ba don yana da shi ba. In mako ya cika ba canji, sai dai a sallame shi da maganin rage zafi.

Tun daga ranar ta nemi izinin zama da shi, aka ba ta. Ta jawo kujera ta sa tsakaninsa da na'urar, ta ba na'urar baya. Tana goge masa jiki, tana sauya masa riga, tana riƙe masa sandar ƙarfen in zai je bayan gida, amma ba ta ce masa uffan. Da direba take hira.

Bahago bai tafi ba. Kullum da hantsi, kullum bayan azahar, ƙanshin ƙasa ya taso, a ja biyu. A dakata. A ja biyu. Wani lokacin har awa uku. Mai Rijiya ya kwanta ya damƙe ƙarfen gado da hannu biyu, yana kallon farin ruwan na wucewa ta gaban idonsa yana shiga wuyansa, duka, ba ragi, ana jan ƙafarsa. Masu cika baki da jarumta su zo su gwada wannan na yini ɗaya. Kwana ukun rami wasan yara ne a kansa. Sau ɗaya ya ga matar ta dubi ƙarshen gadon, inda zanin ke motsi, ta daɗe tana kallo. Ko ƙafarsa ce ke rawa, ko me ta gani, ba ta faɗa ba. Ta dai ƙara matsar da kujerarta jikin na'urar.

Kowace safiya leda a bushe take sauka. Kwana huɗu ya fara zuwa ƙarshen baranda da kansa yana tura sandarsa. Ran na bakwai sikeli ya ce arba'in da tara. Likita ya karanta takardar jini sau biyu, ya miƙo yatsu. Mai Rijiya ya matse.

“To, ya isa,” in ji likita yana yarfe hannu. “Da su zan yi maka aikin. Gobe da safe.”

Da safe aka ɗora shi a gadon turawa. Direba, wanda aka sallama ranar, ya ce masa in ya fito ya ƙara wa rijiyar gaba biyar, ya ci. Matar ta bi gadon har ƙofar ɗakin tiyata tana ɗingishi, hannunta a kan ƙarfe, ba a kan nasa ba. Aka rufe ƙofa.

Awa biyar aka yi. Wasu mutane biyu ma aka shiga da su makon nan da irin ciwonsa, dukansu ya girme su, shi ne ya fara tashi zaune.

Da ya farfaɗo la'asar ta yi, robobi sun ƙaru, cikinsa kamar an ɗora masa dutse. Wata sabuwar farar leda na rataye a kansa. Tana zaune a kujera, mayafinta a kafaɗa. Ta jira nas ta gama dube-dubenta ta fita, ta jiƙa auduga ta shafa masa a leɓe, sannan ta matso da kunnenta kusa da bakinsa.

“Kwana ɗaya da rabi ka ce. Ai ba shiru ya yi ba duk tsawon lokacin. Me ya ce? Fara daga farko, kuma kada ka ƙara wa rijiyar ko gaba guda.”

Muryarsa ba ta fita sosai. Ta ce tana ji. Ya fara.